Filin Tambaya da Amsa: Idan Makaranta Za Ta Kai Ɗalibai Birnin Benis

A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso wannan fili a kan batu guda, wato tafiyar karatu da makarantu kan shirya wa ɗalibansu zuwa ƙasashen waje, kuma biyar daga cikinsu sun ambaci Benis, tsohon birnin nan na arewa maso gabashin Italiya wanda aka gina a tsakiyar ruwa. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar wata tana haska wata. Kamar yadda muka saba, an taƙaita wasiƙun, an kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 15 tana cikin ɗaliban da makarantarsu za ta kai Benis na kwana huɗu. Ba ta iya iyo ba, kuma na ji an ce birnin duk ruwa ne, har ma yana nutsewa. Har yanzu ban sa hannu a takardar amincewa ba, domin hankalina bai kwanta ba. Me za ku ce mini? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin yi daidai da kika tsaya tambaya kafin ki sa hannu. Benis tana zaune ne a kan ƙananan tsibirai 118 a cikin wani faffaɗan tafki mai ruwan gishiri, wanda wasu dogayen tsibiran yashi suka raba da Tekun Adiriyatik, kuma gadoji fiye da 400 ne suka haɗa tsibiran. Mota da jirgin ƙasa sukan ratsa wata gada mai tsawon kusan kilomita huɗu su tsaya a bakin birnin, daga nan kuwa sai ƙafa ko jirgin ruwa, domin ko keke ba a yarda a hau ba a cikin gari. Saboda haka mafi yawan lokacin 'yarki zai ƙare ne tana tafiya a kan busasshen dutse, a titunan da babu motar da za ta buge ta.

Inda ruwan yake da haɗari ƙayyadadde ne, kuma ana iya koya wa yaro shi a zama ɗaya. Gefen hanyoyin ruwa da yawa ba shi da shinge, wasu lunguna kuma kai tsaye suke ƙarewa a bakin ruwa. Akwai matakalan dutse masu gangarawa cikin ruwa, waɗanda gansakuka ta lulluɓe na ƙasansu, kore shar, da santsi kamar an shafa sabulu, kuma a kansu ne yara suka fi son tsayawa su ɗauki hoto. Ki ja mata kunne cewa duk matakalar da ta ga ta yi kore, kada ƙafarta ta taɓa ta. Haka nan tashar jirgin haya dakali ne da ke yawo a kan ruwa, yana motsi, don haka ta jira ma'aikacin jirgin ya ɗaure igiya ya buɗe ƙofa kafin ta taka, ta kuma sauke jakarta daga baya ta riƙe a hannu.

Maganar nutsewa gaskiya ce, amma abu ne da ake aunawa a shekaru masu yawa. A ƙarni na 20 birnin ya yi ƙasa da fiye da santimita 20 idan aka gwada shi da teku, wani ɓangare saboda tekun ya ƙaru, wani kuma saboda masana'antun Margera da ke gaɓa sun yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har aka hana su a shekarun 1970. Abin da baƙo kan tarar shi ne cikowar teku da mutanen garin ke kira akwa alta, wato ruwa mai tudu, wadda ta fi zuwa daga Oktoba zuwa Janairu idan iskar kudu ta turo ruwa a daidai lokacin da teku ke cikowa. Mafi muninta da aka rubuta ita ce ta 4 ga Nuwamba 1966, wadda ta kai santimita 194, sai ta 12 ga Nuwamba 2019 da ta kai 187. Waɗannan alƙaluma kan tsorata mutane domin suna zaton zurfin ruwa ne a kan titi, alhali kuwa daga wata alama ta ma'aunin teku ake ƙirga su. Dandalin San Marko, wanda yake cikin wurare mafi gangare a birnin, sai ma'aunin ya kai wajen 80 zuwa 90 yake fara jiƙewa. Tun daga Oktoban 2020 kuma akwai ƙofofin ƙarfe 78 da ke kwance a ƙarƙashin ruwa a mashigai uku na tafkin, waɗanda ake tayar da su su tare teku idan an hango babbar cikowa. Ana yin hasashe tun da wuri, ana busa jiniya, ana jera dakalan katako na tafiya, kuma bayan 'yan sa'o'i ruwan kan janye.

Abin da na fi ji wa ɗalibi a Benis shi ne ɓata. Birnin ya kasu unguwanni shida, kuma lambobin gidaje ba titi suke bi ba, unguwa guda suke zagayewa, har a unguwar Kastello sun haura 6,000, ta yadda adireshi kaɗai ba ya kai baƙo gida. Ki tabbatar akwai kati a aljihunta mai ɗauke da sunan masaukinsu, da tashar jirgin da ta fi kusa da shi, da lambar malaminsu, da 112, lambar neman agajin gaggawa. Sannan ki tambayi makarantar: ɗalibai nawa ne a hannun kowane malami, ina ne wurin haɗuwa idan wani ya rabu da 'yan'uwansa, kuma me inshorar lafiyarsu ta ƙunsa? Idan sun ba ki amsa dalla-dalla ba tare da kame-kame ba, shawarata ita ce ki sa hannu.

Tambaya: Malam, ni malamin tarihi ne, kuma an ɗora mini jagorancin ɗalibai 32 zuwa Benis na kwana uku. Fargabata ita ce kada mu je mu dawo da hotuna kawai. Yaya zan tsara kwanakin? Daga wani malamin sakandare.

Amsa: Malam, wannan fargaba taka ita ce ya kamata kowace makaranta ta fara da ita. Ra'ayina shi ne kada ka buɗe da Dandalin San Marko, duk da cewa can ne kowa ke rugawa. Yaron da aka fara cika wa ido da zinariya da marmara ba zai ƙara lura da ƙananan abubuwa ba, kuma a ƙananan abubuwan ne darasin birnin yake. Ka ba su tambayoyi uku tun kafin ku tashi, ka bar birnin ya amsa musu.

Ta farko: yaya aka yi gidajen dutse suka tsaya a kan laka? Magina sun riƙa kafa gumagumai a jere, kusa da kusa, suna buga su cikin taɓo har ƙasar ta matse ta yi ƙarfi, sannan su shimfiɗa katako a kai, su ɗora farin dutsen da ake kawowa daga yankin Istiriya wanda ruwa ba ya ratsa shi, kafin su fara jera bulo. Itacen da ke binne cikin laka iska ba ta isa gare shi, shi ya sa ya shafe ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba. Ka kai su wata ƙaramar gada lokacin da teku ya ja baya, ka ce su dubi gindin ginin da ke gabansu. Za su ga layin farin dutsen, za su kuma ga inda ruwan gishiri ya haura shi ya shiga bulo, bulon yana marmashewa yana zubar da jan gari. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fahimci dalilin da ya sa ƙaruwar teku da taki ɗaya take barazana ga gari guda.

Ta biyu: mutanen da ruwan gishiri ya kewaye, me suke sha? A tsakiyar kusan kowane dandali akwai bakin rijiya na dutse, an rufe shi da murfin ƙarfe. Waɗannan ba rijiyoyin da aka haƙa har aka tarar da ruwa ba ne. Ƙarƙashin dandalin rami ne babba da aka shafe da yumɓu aka cika da yashi, ruwan sama yana shiga ta wasu fararen duwatsu masu huji da ke daɓen, yashin ya tace shi, ya taru a tsakiya. Ka sa ɗaliban su nemo waɗannan duwatsu masu huji da kansu, su lura da yadda aka ɗan karkata daɓen zuwa gare su. Da wannan dabara birnin ya rayu har zuwa 1884, lokacin da aka jawo masa ruwan famfo daga tudu.

Ta uku ita ce mafi faɗi: me ya kawo mutane nan, kuma ina suka samo dukiya? Waɗanda suka fara zama 'yan gudun hijira ne da suka tsere wa mahara a ƙarni na 5 da na 6, suka rayu da kamun kifi da cinikin gishiri, daga baya jikokinsu suka zama dillalai tsakanin Turai da Gabas. Sun kafa jamhuriya mai shugaba da ake kira Doje, wanda manyan gidaje ke zaɓa ta hanyar ƙuri'a da zaɓe a jere, yana mulki har mutuwa amma majalisu sun ɗaure masa hannu, kuma wannan tsari ya ɗore har Napoliyon ya rushe shi a 1797. A rana ta biyu, bayan sun san wannan, sai ka kai su Fadar Doje da majami'ar San Marko. A can ka gaya musu gaskiya ba tare da ado ba: a shekarar 828 ne wasu 'yan kasuwar Benis suka ɗauko abin da aka yi imani gawar Markus ce, waliyyin Kiristoci da ake kira San Marko, daga Iskandariya ta Masar, dawakan tagulla huɗu da ke saman ƙofar majami'ar kuma ganima ce da aka kwaso daga Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1204, lokacin da mayaƙan Salibiyya suka washe birnin. Waɗanda ke waje kwafi ne, na ainihin suna cikin majami'ar.

Akwai wani zare da nake roƙonka kada ka bari ya kuɓuce, wato alaƙar Benis da ƙasashen Musulmi, wadda ta haɗa yaƙi da ciniki na ɗaruruwan shekaru. A bakin Babbar Hanyar Ruwa, wadda ta ratsa tsakiyar birnin, akwai ginin da aka ware wa fataken Daular Usmaniyya daga 1621, inda suke kwana suke ajiye hajarsu, ana kiransa Fondako dei Turki, kuma kalmar fondako 'yar'uwar funduƙ ce ta Larabci. Yau gidan adana kayan tarihin halittu ne. Katafariyar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta jamhuriyar kuwa sunanta Arsenale, daga Larabcin darus sina'a, tushe ɗaya da kalmarmu ta sana'a. A 1479 jamhuriyar ta aika mai zanenta Jentile Bellini zuwa Istanbul, inda ya zana hoton Sarki Muhammad na Biyu. A Benis ne kuma aka fara buga Alƙur'ani da injin ɗab'i cikin haruffan Larabci, wajen 1537 zuwa 1538, bugun da ya fito da kurakurai da yawa, ya ɓace, sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya a wani ɗakin karatu na birnin. Ɗan kasuwar nan Marko Polo, wanda ya bar garin a 1271 ya nufi Sin bai dawo ba sai 1295, daga cikin wannan duniya ta fatauci ya fito.

Rana ta uku ku tafi tsibirin Murano, inda aka mayar da masu aikin gilashi a 1291 don gudun gobara. Ku nemi wurin da ake aiki na gaske, yara su ji hucin tanderu a fuskarsu, su ga maƙeri ya ciro curin narkakken gilashi a bakin dogon bututu, yana juya shi ba tsayawa, yana hurawa, yana jan sa da awartaki kafin ya huce. Idan lokaci ya rage, tsibirin Burano mai gidaje kala-kala yana gaba kaɗan.

Game da yawanku, ka raba su gida huɗu, kowane rukuni da babba guda da littafin rubutu. Tun 2024 hukumar birnin ta taƙaita rukunin masu yawon buɗe ido zuwa mutum 25, ta kuma hana amfani da lasifika, kuma wannan ma'auni ne da ya dace kowace makaranta ta bi, domin akwai lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa. Ku sayi tikitin fada da na majami'a tun kafin ku zo, ku kuma tuna cewa ba a shiga majami'ar da babbar jaka ko da tufafin da ba su rufe kafaɗa da gwiwa ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, kuma burina shi ne in shiga kwale-kwalen nan baƙi da ake gani a hotuna, amma guzurina kaɗan ne. Zai yiwu? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Zai yiwu, ɗana. Sunan kwale-kwalen gondola, kuma farashin da aka tsayar a ƙarshen 2023 shi ne yuro 90 na rabin sa'a da rana. Kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya, kuma yana ɗaukar mutum biyar, don haka idan kun haɗu ku biyar kowa zai ba da yuro 18. Akwai kuma hanya mafi sauƙi: a wasu wurare a Babbar Hanyar Ruwa akwai manyan gondola masu ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, ana kiransu tarageto, baƙo na biyan yuro 2. Minti kaɗan ne, amma a kan ruwan kake. In kuwa birnin kake son gani, jirgin haya mai lamba 1 yana bin Babbar Hanyar Ruwa mai tsawon kusan kilomita 3.8 a hankali, ya ratsa ƙarƙashin gadar Riyalto da aka kammala a 1591. Tikiti ɗaya yana da tsada, don haka ka tambayi malaminku batun tikitin kwana uku mai rangwame da ake yi wa matasa.

Kafin ka shiga gondola, ka tsaya ka dube ta daga gaba. Tsawonta kusan mita 11 ne, kuma za ka ga ta ɗan karkace, domin da gangan aka yi gefen hagu ya fi na dama faɗi, don jirgin ya tafi miƙe duk da cewa matuƙin yana tsaye a baya yana tuƙi da filafili ɗaya ta gefen dama. Ka riƙe gorar ruwa kuma, domin famfunan da ke dandali ruwansu na sha ne.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa, kuma yaushe za mu fara neman biza? Daga wata shugabar makaranta.

Amsa: Malama, Afrilu da Mayu da ƙarshen Satumba sun fi sauƙi. Yuli da Agusta akwai zafi da sauro da cunkoso, lokacin bikin rufe fuska da kan faɗo wajen Fabrairu kuwa masauki kan yi tsada. Italiya tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, kuma ga waɗanda ke buƙatar biza, ana karɓar takardu tun saura wata shida a tafi. Ana neman inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba, da rubutacciyar amincewar iyaye ga duk yaron da bai kai 18 ba. Ku fara da wuri, domin takardar yaro ɗaya kan iya tsayar da tafiyar aji guda.

Tambaya: Na karanta cewa mutanen Benis sun gaji da baƙi, har ana biyan kuɗin shiga garin. Ya dace mu tura yaranmu inda ba a maraba da su? Daga wani uba.

Amsa: Alhaji, tambayarka ta taɓa abin da ya fi damuna game da birnin. A 1951 mutanen da ke zaune a tsohon garin sun kai kusan 175,000, a 2022 kuwa sun gaza 50,000, alhali miliyoyin baƙi na shiga kowace shekara. Gidajen da iyalai ke haya sun koma masaukin 'yan kwana biyu, shagunan kayan masarufi sun koma na tsaraba, matasa da yawa sun ƙaura zuwa Mestire da ke tudu. Wannan ne asalin gajiyar, kuma tana da dalili. A 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen yawon shaƙatawa ratsawa ta gaban San Marko, a Afrilun 2024 kuma aka fara karɓar yuro 5 a wasu zaɓaɓɓun ranaku daga masu zuwa su koma a rana ɗaya. Yaran da ba su kai 14 ba da waɗanda suka kama masauki a birnin ba sa biya. Ranakun kan canja kowace shekara, don haka makaranta ta duba shafin hukumar birnin a intanet kafin tafiya.

Duk da haka ina ganin ya dace su je, matuƙar an koya musu cewa gidan mutane suka shiga. Akwai dokokin da ake cin tarar wanda ya karya su: ba a iyo a hanyoyin ruwa, ba a ba tantabaru abinci, ba a zama a matakalan gadoji da na gine-ginen tarihi a ci abinci, ba a zubar da shara. Akwai kuma ladabin da ba a rubuta ba, wanda mazauna suka fi kula da shi: a bi gefen dama a lungu, kada a yi cincirindo a kan gada, a rage murya da dare, domin tagogin ɗakunan barci suna daf da titi kuma ruwa na ɗaukar sauti.

Idan da hali, su kwana a cikin garin, malaminsu ya fitar da su da sassafe zuwa kasuwar Riyalto kafin baƙi su cika hanya. A wannan lokacin ne za su ga jiragen kaya suna sauke kifi da kayan lambu, da jirgin kwasar shara, da yara masu jakar makaranta kamar tasu suna sauri. Za su ga ɗan dako ya jingina amalankensa a matakalar gada yana hawa da ita taki-taki, domin duk abin da ke cikin kowane shago a garin da hannu aka haura da shi. Idan suka ji ya ce "permesso" daga bayansu, hanya yake roƙo, sai su matsa jikin bango su bar shi ya wuce.